Ragon Suna a Hayin Rafi

Satin da na haifi 'yata ta fari, ba abin da ake nunawa a tele sai wani farin gammo yana juyi a tsakiyar teku. Guguwa ce, wai ta nufo gaɓar Carolina, jihar da muke zaune a nan ƙetare. Ina zaune a falonmu na East Greensboro da jaririya a cinya, raina a dagule, don ranar Asabar ne suna.

Ranar Alhamis matar meteyo, mai hasashen yanayi a tele, ta fito da murmushinta. Ta ce guguwar ta shiga ruwan sanyi, iskar sama tana yayyaga ta, kafin ta taɓa ƙasa ƙarfinta zai ƙare. Maigidana ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan, ta mutu a hanya." Hajiya maƙwabciyarmu, 'yar zangon Kumasi da ke yi mini wankan jego, ta yi hamdala.

Matar meteyon ta ƙara da cewa ragowar guguwar za ta zo a hankali da ruwa mai yawa. Mun ji sarai. To amma mu mutanen Maradi iska muke tsoro, ita ke yaye rufi. Ruwa kuwa roƙonsa muka tashi muna yi. Wa zai fasa tafiya don an ce za a yi ruwa?

Asabar bayan asuba maigida ya ɗauki mota ya tafi gonar wani Bature a bayan gari, inda ya sayi rago, don ya yanka ya kawo. Akwai wata 'yar gada a hanyar, rafin ƙarƙashinta ko idon sawu ba ya rufewa. Yana fita aka fara yayyafi, ko ganye bai motsa ba.

Hantsi ya yi, ruwa ya tsinke. Mata sun cika kicin, liman da maza suna zaune a falo, sai shayi ake zagawa da shi. Na kira wayar maigida, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na sake kira, a kashe. Tele ta daina nuna teku, ta koma nuna tituna da motoci tsundum cikin jan ruwa.

Liman ya aiko Hajiya ta tambaye ni sunan, ko a yi addu'a kafin mutane su watse. Na ce ban sani ba. Ta zuba mini ido.

"Bai gaya miki ba?"

Bai gaya mini ba. Irin mutanen da ne, ya yi wa jaririyar huɗuba a kunne tun a asibiti, ya ce ni sai ranar suna zan ji tare da kowa. Har dariya na yi masa a lokacin. Yanzu kuwa haushinsa ya cika ni, tsoro kuma ya fi haushin. Na dubi yarinyar tana barci, na ce a raina, idan mutumin nan bai dawo ba, ina riƙe da 'yar da aka riga aka sa wa suna, kuma babu mai rai da ya san shi.

Hajiya ta ce in ci tuwo saboda nono. Na ce ta ƙyale ni.

Bayan azahar wata baƙuwar lamba ta shigo. Muryar maigida ce. Ya ce ruwa ya kashe motar a kan gada, ya fita ta taga, Baturen ne ya jawo shi da igiyar tarakta. Ya fara ba ni labarin rago.

Na ce, "Bar ragon nan. Gaya mini sunanta yanzu."

Sai ya faɗa. Sunan mahaifiyata ne, wadda aka binne bara a Maradi ban samu zuwa ba.

Hajiya na tsaye a kaina tana cewa, "Wane suna? Liman na jira." Na buɗe baki, kunya da kuka suka hana ni, don ban taɓa kiran sunan nan ba tun da aka haife ni. Sai na miƙa mata wayar.