Lambar Da Na Sa Ba Daidai Ba, Kawuna Ya Ɗauki Laifin

A wancan lokacin ban daɗe da dawowa Yelwa daga makarantar fasaha ba, kuma babu wanda nake gani da gashi a ka. 'Yan bakin ruwa na ce mini injiniya, ni kuma ina amsawa ko kunya babu, alhali rabin abin da na sani daga bidiyon waya na kwaso shi. In na tuna yadda nake taku da jakar kwamfuta a kafaɗa, wallahi tsaki nake yi.

Ƙungiyar masu jiragen ruwa ta so a haɗa mata na'urar da za ta riƙa nuna inda jirgi yake, saboda iskar damina da ke ɓatar da mutane a tafki. Suka ba ni aikin, suka aiki kawuna, ƙanen Inna, ya sayo kayan a Kano, don shi ne amintaccensu tun kafin a haife ni. Ya kawo 'yar kwamfuta wadda ba ta wuce tafin hannu ba, da wani ɗan guntu mai karɓar saƙon tauraron ɗan'adam. Su biyun ta siririyar waya suke magana, harafi bayan harafi, kuma dole a saita musu gudu ɗaya, in ba haka ba shirme ne zai fito. Gudun guntun a kan lamba dubu tara da ɗari shida yake. Ni gwanin, sai na buga dubu ɗari da sha biyar da ɗari biyu, don ita na ga wani ya sa a bidiyo.

Da na kunna, allo ya cika da tarkace kamar tonon kaji. Ko sau ɗaya ban zargi kaina ba. Na je gaban taron ƙungiya na ce kayan jabu ne, har na ƙara da cewa haka ake yi idan an tura wanda bai san komai ba sai injin jirgi. Kawu ya rantse an gwada a gabansa, aka yi masa ca. Mutanen da ya yi shekaru yana yi wa aike suka fara raɗe-raɗin ya sayo na banza ya ci sauran kuɗin. Ranar suka cire shi daga yi musu aike.

Bayan mako uku na ci karo da takardar da ta zo cikin kwalin kayan, lambar tana zaune ɓaro-ɓaro a shafin farko. Layi ɗaya na canza, komai ya tashi. To me na yi? Na koma na ce musu ni ne na gyara jabun da basirata. Suka tafa, shashashai, wani har da kawo mini busasshen kifi. Na karɓa na ci.

Kawu ya kwashe jirginsa ya koma garin Wara, ya daina taka gidanmu. Inna kan tambaye ni abin da ya faru, in ce ban sani ba. Sai da na shekara biyu kafin na iya zuwa na same shi yana ɗinkin komar kamun kifi, na faɗa masa gaskiya. Bai ɗago ba. Ya ce shi dama bai taɓa shakkar kayansa ba, abin da ya kasa ganewa shi ne ko jahilci ne ya sa ni ko ƙarya, yanzu kuma ya ji duka biyun ne. Na ce zan tara ƙungiya in wanke shi. Ya ce in tara in ina so, amma shi ya gama da su.

Na tara su, na faɗa. Suka ce ai abin ya wuce, suka shiga zancen tsadar fetur. Waɗannan su ne mutanen da na sayar da kawuna don su tafa mini.

Ku masu ɗan ilimin na'ura, in allo ya kawo muku shirme, ku duba saitinku kafin ku buɗe baki a kan wani. Gyaran lambar bai kai minti ɗaya ba. Kawu kuwa, har yau in na gaishe shi, amsawa yake yi kamar baƙo.