Wilin Motar Baba Kambai

Duk Kafanchan an san Baba Kambai, amma ba mai zuwa gidansa. Ya tsufa a aikin reluwe, matarsa ta rasu ba su haihu ba, kuɗin sallamarsa kuwa ya zuba su a wata tsohuwar Fijo. Kullum da safe yakan wanke ta, ya zaga da ita ta gaban tasha, ya dawo. Abin tausayi ne ganinsa yana hira da madubi.

Mutum ɗaya ya rage masa a duniya, yayarsa Magdalene, gwauruwa a wani ƙauye bayan Kachia. Shekara da shekaru yana roƙonta ta dawo wurinsa, tana cewa ita gari ba ya karɓarta. A daminar 1976 ta aiko cewa ta yarda. Mutumin nan har ɗaki ya shafe da farar ƙasa.

Wilin baya na motar, ƙarafan da ake sa wa taya, guda biyu sun lanƙwashe, sai ya sayo waɗansu a kasuwa, masu faɗi, masu ƙyalli, don a san ƙanen Magdalene ya zo. Jonathan bakanike ya juya su, ya girgiza kai.

"Baba, ramin noti ya yi daidai, amma wili ɗin ya fito waje da yawa. In kaya ya danne mota, bodi zai ci taya."

"Yaro, a jirgin ƙasa ƙafa ƙafa ne. In ya hau, ya hau."

Kambai akwai taurin kai, amma ba wawa ba ne, ya gwada. Ya je Madakiya ya dawo, ya bi ramuka da gangan, ko ƙis bai ji ba. Abin da bai tuna ba shi ne, tun da ya sayi motar nan ba wanda ya taɓa zama a bayanta.

Ranar ɗauko ta aka loda buhunan citta, da turmi, da tukwane, ita kuma ta hakimce a baya kamar matar fasto. Ba su yi nisa ba wari ya tashi, ƙarfe yana yankar roba. Tayar hagu ta fashe, ta dama ta bi ta, safaya kuwa ɗaya ce.

Magdalene ta fito ta zauna a kan turminta, ta daɗe tana kallon hanya.

"Kambai, ka gani? Ubangiji bai nufa ba."

Ya rantse mata laifin wili ne, ya yi bayani har muryarsa ta shaƙe. Ta ce ta ji. Da wata roka, babbar motar kaya, ta taho mai komawa wajen ƙauyensu, ita da kanta ta ɗaga hannu.

Ya taya ta loda kayan, buhu bayan buhu. Da ta hau, ta leƙo ta ce ya riƙa cin abinci.