Alƙalin da ba a san fuskarsa ba

Wata rana da sassafe, wani alƙali da ya yi ritaya, Malam Gwadabe, ya shiga kwalekwale zai koma birni. A ƙauye ya kwana wajen ta'aziyya.

Kogi ya kwanta luf. Tururi na tashi a hankali bisa ruwa. Ba ka jin komai sai filafilin mai tuƙi da kukan tsuntsaye can nesa.

Kusa da shi wata dattijuwa ce, Tabawa, rungume da ledar takardu.

Hira ta haɗa su. Ta ce kotu za ta. Shekara tara ke nan tana haye wannan kogi kan gonar gadon mahaifinta. Ta je da damina, ta je da rani. Shaidunta biyu sun rasu tana jira.

Da ta faɗi sunan kotun, ya gane wurin. Nan ya yi shekarunsa na ƙarshe a aiki.

Ya ce, "Baiwar Allah, wane alƙali ne ya fara sauraron ƙarar?"

Ta yi murmushi.

"Malam, ai ban san fuskarsa ba. Kullum kansa a sunkuye yana rubutu. Muryarsa kawai na sani, in ya ce an ɗage."

Bai ƙara cewa uffan ba har suka kai gaɓa.

Tsoro yake ji kada ta gane muryar.

Dama gwamnatin jiha ta roƙe shi ya jagoranci kwamitin gyaran kotuna, ya ce ya gaji, hutu yake so. A ranar ya aika cewa ya karɓa.

Wata goma sha huɗu ana kai ruwa rana. Wasu tsofaffin abokan aikinsa har gaisuwa suka daina yi masa. Ya dage sai da aka amince: ba a ɗage ƙara fiye da sau uku babu ƙwaƙƙwaran dalili, kuma kowane wata alƙali zai haye zuwa ƙauyukan ƙetare ya yi zaman shari'a.

A gindin tsamiyar garinsu aka yanke hukuncin ƙarar Tabawa. Ta samu rabonta. Bana gero ta shuka.

Darasi: Duk takardar da ke kan teburinka, akwai mutum a bayanta da ya baro gida tun asuba. Ka dube shi kafin ka ce ya dawo gobe.

In ka san wani mai riƙe da biro da hatimi, tura masa wannan.