Fayil ɗin da Baffa Ya Sa Na Goge

Kakata ta wajen uba ba ta taɓa kiran mahaifina da sunansa ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a ƙauyenmu uwa tana kunyar ɗan fari har ta koma ga Allah. Idan ya shigo gaishe ta da safe, sai ta juya fuskarta wajen danga ta amsa a gajarce. Idan tana da saƙo gare shi, ni take ba wa: "Ka ce wa mutumin nan akuyarsa ta shiga gyaɗata." Na tashi ina ganin haka, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Ina makarantar kimiyya ta kwana wani malaminmu ya ba ni tsohuwar kwamfutarsa ta hannu. Ta tsufa har ba ta iya ɗaukar manhajar da kowa yake amfani da ita, sai ya sa mata wata manhaja da ake kira Linux, ya nuna mini baƙin allon da ake rubuta umarni a kai. Na so allon nan ƙwarai. Ba ya kallona, ba ya dariya idan na daburce. Abin da na rubuta shi yake aikatawa, ba ƙari ba ragi.

A wani hutun damina na naɗi muryar Kaka da wayata. Iyayenta a kan addinin gargajiya suka rasu. Ita ta musulunta bayan ta yi aure, tana sallarta tana azuminta, amma waƙoƙin da ta koya a gindin dutsen niƙan uwarta ba su bar bakinta ba, har da waɗanda ake yi wa iskokin gida idan ruwan shuka ya yi jinkiri. Ta yi mini su ɗaya bayan ɗaya tana ɓarar gyaɗa. Da ta gama sai ta nuna wayar da haɓa.

"Abin nan naka har yanzu yana ji?"

Na ce yana ji.

Sai ta fara magana a kan Baba. Da ta ƙare ta ce, "Kada ka sa masa ina da rai. In na tafi, ka sa masa."

Na kwashe muryar na zuba a kwamfuta, fayil guda ɗaya mai tsawo, waƙoƙi a gaba, saƙon a ƙarshe. Na share na wayar domin katinta ya cika.

Kaka ta rasu a daminar da ta biyo baya, lokacin da gero ya fara fitar da kai. Ranar sadakar uku da hantsi na zauna a bayan rumbu da kwamfutar a cinyata, na sa abin ji a kunne, ina neman daidai wurin da saƙon ya fara. Ban san yadda aka yi gwiwar hannuna ta fizge igiyar ba. Sai muryar Kaka ta fito fili, tana tsakiyar waƙar roƙon ruwa. Na danna na tsayar da ita, amma Baffa, ƙanin mahaifina, ya riga ya ji. Yana wucewa ne da tabarmin baƙi a kafaɗarsa.

"Mene ne wannan?"

"Muryar Kaka ce, Baffa."

"Na san muryar uwata. Waƙar me take yi?"

Na sunkuyar da kai. Baffa ya sha gori a ƙuruciyarsa a kasuwar Ɗambatta saboda asalin gidanmu, kuma bai manta ba.

"Malamai suna zaure suna yi mata addu'a, kai kana nan kana tono abin da ta bari a baya. So kake a ce ta mutu tana kiran iskoki? Goge shi. Yanzu, ina kallo."

"Baffa, akwai wani abu a ƙarshen..."

"Ban tambaye ka ba."

A gidanmu yaro ba ya mayar wa ƙanin ubansa magana sau biyu, balle ni da ko sau ɗayan da ƙyar na iya. Na buɗe baƙin allo, na rubuta rm, umarnin gogewa, na biyo shi da sunan fayil ɗin. Wannan umarni ba ya tambaya ko ka tabbata, ba shi kuma da kwandon shara da za ka koma ka tsinto abinka. Na danna. Na nuna masa wurin, babu komai. Ya ce, "Allah Ya yi maka albarka," ya gyara tabarminsa ya wuce.

Na daɗe zaune ina kallon allon. Amanar da ta ba ni ke nan, na goge ta da hannuna. Can sai idona ya kai kan manhajar sauraro, tana nan a buɗe inda na tsayar da ita. Na mayar da igiyar, na sa abin ji a kunne, na danna ba don ina sa ran komai ba. Kaka ta ci gaba da waƙarta daga inda ta tsaya.

Ban fahimci abin ba. Na sake dubawa, fayil ɗin babu shi, amma muryar tana nan. Abin da na sani kawai shi ne wani abu yana riƙe da ita, kuma ina tsoron duk abin da zai sa ya sake ta. Alamar batir ta riga ta yi ja. Ƙauyenmu babu wutar lantarki, waya ma ba ta samun intanet sai an fita bakin titi, inda wani mutum yake da shagon cajin waya.

Na ji tsoron rufe murfin kwamfutar, don ban san me zai faru ba idan ta yi barci. Haka na ɗauke ta a buɗe a kan hannuwana biyu kamar faifai, na bi burtali tsakanin gonakin gero. Aka fara yayyafi, na cire rigata ta sama na lulluɓe ta. Masu zuwa ta'aziyya suna wuce ni a kan babura suna waiwaye.

Mai shagon ya hango ni tun daga nesa.

"Malam ɗan boko, ita ma ba ta da lafiya ne ka rungumo ta haka?" Sai ya tuna, ya sauke murya. "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan tsohuwa."

Na ce amin, na roƙe shi ya jona mini ita kafin komai. Ya cire wayar wani ya jona kwamfutar.

Akwai wani dandali a intanet inda masu amfani da irin wannan manhaja suke tambaya ana ba su amsa. Na daɗe ina karanta shi ban taɓa rubuta ko kalma ɗaya ba, saboda na ga yadda ake yi wa mai tambayar da ba ta da kai. Ranar na rubuta. Na faɗi umarnin da na bayar, da manhajar da take buɗe, da cewa har yanzu sautin yana fita. Na karanta na gyara, na sake karantawa, sannan na aika. Ban ambaci Kaka ba.

Wani da ban sani ba ya amsa kafin azahar. Farkon abin da ya ce shi ne kada in rufe manhajar, kada in kashe kwamfutar. Sannan ya bayyana cewa umarnin gogewa sunan fayil kawai yake cirewa. Abin da ke cikinsa yana nan muddin akwai wata manhaja da take riƙe da shi a buɗe, kuma da zarar ta sake shi, shi ke nan. Ya ce kowace manhaja mai aiki tana da lamba, in nemo ta wannan, in shiga wani wuri da ake kira /proc, inda ake ganin duk abin da take riƙe da shi.

Na bi a hankali, ina duba kowane harafi kafin in danna. Na samo lambar, na shiga, sai ga tsohon sunan fayil ɗin da alamar cewa an goge shi. Na kwafe shi zuwa sabon suna. Na buɗe sabon, na tsallaka zuwa ƙarshe, na ji ta tana tambaya ko abin nan nawa har yanzu yana ji. Mai shagon ya dube ni ya kau da kai, ya ci gaba da jera wayoyinsa.

A hanyar komawa na san ba zan ɓoye wa Baffa ba. Bayan la'asar, da baƙi suka ragu, na same su shi da Baba a zaure, na durƙusa. Ban taɓa yin magana mai tsawon ta ranar a gabansu ba. Na ce na goge kamar yadda aka umarce ni, amma na dawo da shi, domin Kaka ta bar wa Baba saƙo a ƙarshensa, ta ce in sa masa bayan ranta.

Fuskar Baffa ta canja. Kafin ya yi magana Baba ya ce, "Ita ta ce haka?"

"Ita ta ce, Baba."

"To sa mu ji."

Na sa daga inda waƙoƙin suka ƙare. Ta ce tana tsayawa a bayan danga idan ya dawo daga gona, ta kalli tafiyarsa ta gane ko ya gaji ko ƙaya ya taka. Ta ce furar da gwaggonsa take kai masa gona tun yana saurayi, ita take dama ta, ta ba da a kai masa. Ta ce bai taɓa sa ta kuka ba. Sannan ta kira sunansa, sau ɗaya, a hankali.

Baba yana kallon tabarma. Can ya ce, "Ashe ita ce mai furar."

Baffa ya share fuskarsa da hannun riga. "Ni fa? Ba ta ce komai a kaina ba?"

"Kai da take kiran sunanka safe da yamma, har da zagi," in ji Baba.

Baffa ya yi 'yar dariya da ba ta yi nisa ba. Bai sake tayar da maganar waƙoƙin ba, ni ma ban sa wa kowa su ba har yau. Da na miƙa hannu zan rufe kwamfutar, Baba ya ɗaga yatsa ya tsayar da ni.

"Mayar da shi baya kaɗan," ya ce. "Daidai wurin sunan."