Gidaje Arba'in da Ɗaya na Baba Ajimi

Duk wanda ya taɓa kai hula wanki a unguwar Shamaki ta Gombe ya san Baba Ajimi, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai tsagar Barebari da ke zama ƙarƙashin rumfar kwano, ga bokiti biyu, ga burushi, ga huluna jere a kan katakai suna shan rana. Ba ya ɗago kai sai ka yi sallama sau biyu. Ba wulaƙanci ba ne, kunnensa na hagu ne ya daɗe da mutuwa.

A wani ƙauye gabas da Maiduguri aka haife shi. Da damina ya noma gero da wake, da rani ya ɗinka hula. Karatun allo ya ɗan taɓa, bai yi nisa ba, boko kuwa ko ƙofar aji bai sani ba. Shekarar da masu bindiga suka tashi garinsu, ya fito da 'yarsa da jikoki uku, da rigar da ke wuyansa. Matarsa Sadiƙa ba ta fito ba. Bayan an sha yawo, Allah ya sauke su a Gombe, suka sami ɗaki biyu can Tumfure, inda sababbin gidaje ke cin gonaki. Ido ya daina ganin kafar allura, sai ya koma wankin abin da da yake ɗinkawa. Kullum da safe ya hau keke mai ƙafa uku ya yi doguwar tafiyar nan zuwa Shamaki, kafin ya sauka ƙugu ya riƙe.

A bakin bokitin nan waƙar ta zo masa. Bai taɓa kiran kansa mawaƙi ba. Yana dai goga hula, zuciyarsa na yawo cikin garinsu, sai ya ji yana jera gidajen da baki. Ya fara daga bakin rijiya, ya bi lungu, ya zaga ta bayan masallaci, ya ƙare a ƙofar gidansa. Gida arba'in da ɗaya, kowane gida baiti guda, kowane baiti da sunan wanda aka rasa a cikinsa, ko a ranar, ko a hanya, ko daga baya a sansani. Da Hausa ya yi ta, don jikokinsa in ya yi musu Barbarci da Hausa suke amsawa.

Ba a rubuce take ba. A ka take. In mutanen garinsu da suka watsu a unguwannin Tumfure da Malam Inna suka haɗu wurin suna ko ta'aziyya, sai a ce, "Ajimi, kai mu gida." Ya rufe ido ya fara:

Na fara tun daga bakin rijiya,
Gidan Wakil ne mai jan igiya,
Shi da ɗansa sun bar duniya.

Jama'a su ce, "Allah ya jiƙansu." Shi kuma ya wuce gida na gaba.

Bara, wurin wata ta'aziyya, ya tsallake gida guda bai sani ba. Da aka tashi, Ya Aisa ta tare shi a ƙofa. Ita tsohuwa ce mai sayar da turaren wuta, maƙwabciyarsa a can, maƙwabciyarsa a nan, kuma bakinta ba ya ajiye magana ta kwana.

"Ajimi, me Abdulbaqi ya yi maka?"

"Wane Abdulbaqi?"

"Ka ji shi! Mai jakin nan da ke cinye maka wake. Ka wuce ƙofarsa ko sallama babu."

Ya yi dariya don kada ta gani, amma tun ranar tsoro ya shige shi. Gidan Abdulbaqi ba wanda ya saura. In ya faɗi daga bakin Ajimi, ba wani bakin da zai tare shi. Ya gwada koya wa jikoki, suka riƙe baiti uku, suka koma ga wayar uwarsu.

Ana haka Malama Na'ima ta kawo hulunan mijinta. Malamar Hausa ce a wata sakandare. Ta yi sallama bai ji ba, sai ta tsaya tana sauraron abin da yake rerawa a hankali. Ta gaya masa cewa ita da wasu abokanta sun haɗa kai, aikin sa-kai, suna tara masu waƙa na cikin gari a ɗauki muryoyinsu wuri guda, a raba wa mutane a waya.

"In an ɗauka, ba ta gogewa?" in ji shi.

"In sha Allahu, Baba. Ko jikan jikanka zai ji."

"To, zan zo."

Wani aji aka ara a wata Islamiyya nan Shamaki, ranar Alhamis da ba karatu. Mai na'urar wani ne Dennis, Batangale, mai gyaran lasifika, mutum mai son aikinsa ya fita tsaf. Ya sa aka jingina katifu a tagogi, aka kashe fanka, aka rufe ƙofa. Masu waƙa goma sha biyu suka zo, mafi yawa da takardunsu a hannu, wasu a waya. Baba Ajimi ya rufe rumfarsa ya zauna kan bencin yara tun hantsi. Da an fara sai injin markaɗe na maƙwabta ya tashi, a tsaya. In ya yi shiru, mai waƙa ya yi tuntuɓe, a sake. Wani saurayi ya maimaita tasa sau shida don bai ji daɗin muryarsa ba. Aka kira la'asar ba a zo kan tsoho ba. Na'ima ta yi ta ba shi haƙuri, gumi ya jiƙa mata mayafi. Ya ce ba komai. Ya hau keke ya koma Tumfure da ciwon baya.

Alhamis ta biyu aka sa shi farko. Bai zo shi kaɗai ba. Mutum tara ya zo da su, keke uku, tsofaffi maza da mata, Ya Aisa a gaba da ƙamshin turarenta. Shi a saninsa, ba a yin wannan waƙa sai da masu ita.

Dennis ya dubi Na'ima, Na'ima ta dubi ƙasa. Aka dai shimfiɗa tabarmi.

"Mama, don Allah in na ɗaga hannu, kowa ya yi shiru," in ji Dennis. "Ko tari kada a yi."

"To, maigidana," in ji Ya Aisa. "Tun ba a ɗaura ba ka fara kafa mini doka?"

Aka yi dariya. Dennis ya sa abin ji a kunne, ya gyara makirufo a bakin tsoho, ya ɗaga hannu. Baba Ajimi ya rufe ido ya kai su bakin rijiya. Yana cewa Wakil da ɗansa sun bar duniya, ɗakin ya amsa gaba ɗaya, "Allah ya jiƙansu."

Dennis ya cire abin kunnen. "Sori, Baba. Mun ce shiru fa."

"Ai shiru muka yi," in ji wani tsoho.

Aka sake. Wannan karon sun daure a gidan Wakil, har ana ganin leɓɓansu na motsi. A gida na biyu, na Yagana mai ƙosai, sai Ya Aisa ta saki: "Allah ya jiƙan Yagana, ya yafe mata rowar yaji." Sauran suka ce amin.

Sau huɗu ana yi. Ba gardama suke ba. Mutum ne ba zai ji an ambaci mamaci, maƙwabcinsa, ya haɗiye addu'a don wani ƙarfe da ke kan tebur ba. Dennis kuwa ya yi bayani cikin ladabi: sauran waƙoƙin duk murya ɗaya ce, tsaf, in wannan ta fito da hayaniya za a ce ba su iya aiki ba. Akwai kuma mutum biyar a waje suna jiran layi. Na'ima ta durƙusa gaban tsofaffin ta roƙe su su ɗan koma inuwar darbejiya a tsakar makaranta, minti ashirin kawai.

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, suna neman takalma. Ya Aisa ce ta ƙarshe. "An kore mu a can, an kore mu a nan," in ji ta, ba da ƙarfi ba. Na'ima ta ji.

Aka rufe ƙofa. Ɗaki ya yi tsit, zafi kamar tanda. Baba Ajimi ya fara. Gidan Wakil ya fita lafiya. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, ba abin da ya zo. Dennis ya juya masa yatsa, wai ci gaba. Ya shiga gidan Yagana da sauri, na uku ma haka. Numfashi ya fara yanke masa. Shi bai taɓa lura ba sai ranar: ashe a cikin addu'ar nan ta jama'a yake jan numfashi, a cikinta kuma yake takawa daga wannan ƙofa zuwa waccan, ya ga danga, ya ga bishiyar da ke tsakani, ya gane gidan wa ya iso. Yanzu an ɗauke masa hanyar, an bar shi da ƙofofi. A gida na shida ya tsaya cak. Ya koma na biyar ya sake tahowa. Babu. Garin ya yi masa fari fat.

"Baba, a kawo ruwa?" in ji Na'ima.

Ya girgiza kai. Gumi na bin tsagar fuskarsa yana ɗiga a riga. Ya ce a ransa, shi ke nan, abin da nake tsoro ya iso, kuma a gaban baƙi. Ya sake karanta baiti na biyar, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba kowa ciki.

Sai murya ta ratso katifar da ke taga, a toshe amma ana ji: "Allah ya jiƙan Modu, ya sa ya huta." Ya Aisa ce. Ba ta je inuwar darbejiya ba, tana tsaye a rana, kunnenta a jikin taga.

Baba Ajimi ya ja numfashi. Ga dangar Modu, ga tsamiya, ga ƙofar Batul ungozoma. Ya faɗi baiti na shida.

"Allah ya jiƙan Batul," in ji taga, yanzu da muryoyi uku.

Dennis bai ɗaga hannu ba. Ya zauna da abin jinsa a kunne har gida na takwas, yana kallon tsohon. Sannan ya danna na'ura ya tsayar, ya miƙe, ya janye katifar da kansa ya jingine ta a bango.

"Malama, buɗe musu ƙofa," in ji shi. "Mu faro daga rijiya."

Suka dawo suka zauna, ba wanda ya yi masa gori sai Ya Aisa, da ta ce, "Ka ga, maigidana, da ka bi maganar uwargida tun farko." Dennis ya matsar da makirufo ɗaya tsakiyar tabarma.

An fi rabin awa ana tafiya. Injin markaɗe ya tashi wajen gida na goma sha biyu, ba wanda ya kula. Wata tsohuwa ta yi kuka a gidan ƙanenta, aka jira ta. Bayan gida na goma sha bakwai Baba Ajimi ya sake yin shiru, shirun da ya fi na numfashi tsawo. Ya Aisa ta gyara zama ta ce, kamar da kanta take magana, "Allah ya jiƙan masu jakuna." Ya kama. Abdulbaqi ya shiga, shi da jakinsa da waken da ya ci.

Da ya iso ƙofar gidansa murya ta kusa ƙarewa. Ya faɗi sunan Sadiƙa, ya buɗe ido. Aka yi mata addu'a, aka shafa.

"'Yata, nawa kika ƙirga?" Tun farko ya roƙi Na'ima ta riƙa ja masa layi a takarda.

Ta bi layukan da biro, sau biyu. "Arba'in da ɗaya, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Yanzu kawo ruwan."

Ya sha, ya miƙe da ƙyar, ya ce zai wuce rumfa, ya bar huluna a jiƙe tun safe, kada zare ya zuba.

Bayan mako biyu Dennis ya kawo masa ɗan katin da ake sawa a rediyo. Ba a yanke komai ba, har injin markaɗen yana ciki, da rowar yajin Yagana. Tun daga nan Baba Ajimi bai ƙara rera waƙar a taro ba. In an ce ya kai su gida, sai ya miƙa rediyo. Ya ce ya gaji, kuma gaskiya ya faɗa. Bana gidajen da suka zube masa sun fi ɗaya, shi ma ya sani.

Yana nan a Shamaki har yanzu. In ka je da hantsi za ka tarar da rediyon a rataye jikin ginshiƙin rumfa, ta wajen kunnensa na dama, muryarsa na fita daga ciki tana bin lungu. Shi kuma yana goga hula, kansa a ƙasa, in an ambaci suna ya ce Allah ya jiƙansa tare da sauran.