Fim Ɗin Da Ya Buɗe Bakin Baban Ummi

Ƙawayena, yau Baban Ummi ya yi magana! Kun dai san maigidan nawa. Tun aurenmu nake jiran kalma ɗaya irin ta littattafan soyayya, shi kuwa daga "sannu" sai "akwai ruwan wanka?"

Bayan la'asar ya shigo da faifan wani sabon fim na Turawa da ya karɓo haya a bakin kasuwa. Muna sakawa hoto ya kama rawa! Ya bubbuga talabijin, ya gyara mata zama, duk a banza.

Ya ce, "Ashe gaskiyar Oga mai shagon ne. Wai yanzu a hannu suke riƙe kyamara, shi ake yayi."

Na ce, "Yayin banza! Ni jiri nake ji."

Sai ya kashe sautin, ya ce in rufe ido zai riƙa ba ni labarin. Na kwantar da kaina a kafaɗarsa.

Can ya yi gyaran murya. "Ga jarumin nan gaban matarsa. Ya ce mata shi bai iya magana ba, amma duk ranar da ta tafi Misau ganin gida, abinci ba ya yi masa daɗi."

Misau, garinmu? A fim ɗin Turawa? Na ɗan buɗe ido ɗaya. Wallahi wasu ƙarti ne ke gudu a daji, ko mace ɗaya babu!

Na yi maza na mayar da idona na rufe.

"To, Baban Ummi, sai kuma ya ce mata me?"