Askar da Kaka Ta Wasa

Ranar da labarin ya iso, Kaka tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Wani soja ne ya yi sallama a zaurenmu na unguwar Dawaki. Baba ya fita, ya daɗe, ya dawo ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, sai haƙuri. Yaya Sale ya rasu a bakin daga." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi," ta ci gaba da tsinta. Ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, kuma kunyar da ta hana ta kiransa ita ta hana ta yi masa kuka. Shekarata takwas a lokacin.

Gidanmu gidan wanzamai ne. Baffa Sale ne ya gaji zabirar kakanmu, jakar fatar da ake zuba kayan aski. Baba kuwa buhunan auduga yake ɗauka a tashar jirgin ƙasa, domin tun yana yaro hannunsa na dama yake rawa. Bayan sadakar arba'in Kaka ta sauko da zabirar, wadda ta yi damina uku a rataye. A ciki akwai tsohuwar aska mai naɗewa, ƙotarta ta ƙaho, tsatsa ta kama ta har ba ta buɗuwa. Mama tana da tsohon ciki, kuma a gidanmu baƙon hannu bai taɓa yi wa jariri askin suna ba.

Daga nan lokacin tatsuniya ya zama lokacin aikinta. Bayan magariba mu kewaye murhu, ni da ƙanwata Ladi da 'ya'yan maƙwabta, ita kuma askar tana kan cinyarta. Ta jiƙa ta a man gyaɗa kwana bakwai kafin ta buɗu. Ta goge tsatsar da toka da lemon tsami. Ta aika da ita unguwar Bolari, maƙeri ya sauya ƙusar da ke riƙe ƙotar. Sannan ta shiga wasa ta a kan dutse, a hankali, tana ɗiga ruwa, don ta cinye wani ɗan giɓi da ke bakinta. Har yau idan na ji ƙarar ƙarfe a kan dutse, muryarta nake ji a ƙarƙashi.

Da can Gizo da Ƙoƙi take ba mu. Yanzu tatsuniya ɗaya ta rage mata.

Wai wani wanzami ne yake da 'ya'ya biyu. Hannun babban kamar ruwan randa, na ƙaramin kamar wutsiyar ƙadangare da aka tsinke. Rannan Mutuwa ta zo ƙofarsu da suma har kafaɗa, ta ce tana neman wanda zai riƙa yi mata aski a gidanta. Ƙaramin ya fara, ya tsaga mata kunne. Babban ya karɓa, ya aske ta tas, ko ɗigon jini babu. Ta kama hannun babban za su tafi, sai ƙaramin ya biyo su yana kuka a tafi da shi. A nan Kaka takan shaƙe murya ta ce, "Koma gida, ɗan nan. Kai ko ni ba na so."

Mu kwashe da dariya. Ni ne gwanin kwaikwayon rawar hannun. Baba yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, taku biyar daga murhun, yana cin tuwo. Bai taɓa tashi ba.

Mama ta haifi namiji. Ana gobe suna, da hantsi, Kaka ta goga askar a fata, ta gwada a gashin hannunta, ya zube. A gidanmu aska sabuwar washi kan babban yaro take fara hawa kafin ta taɓa jariri. Ta ce mini, "Zo nan, maigida, ara mana ƙoƙon kan nan naka, da ma ba komai a ciki." Ta miƙa wa Baba. "Habu, karɓi. Mu ga abin da aka bar mini."

Ya jiƙa mini kai, ya shafa sabulu, ya yi bismillah. Ina jin rawar yatsunsa a fatar kaina, amma askar tana tafiya daidai. Ya gama gefen dama, babu jini. Sai Ladi ta leƙo ta bayan Kaka tana karkaɗa ɗan yatsa kamar wutsiya. Dariya ta ƙwace mini, kaina ya motsa, askar ta shige bayan kunnena.

Jini ya sauko mini har wuya. Kaka ba ta dube ni ba, shi ta duba. "Gobe ma haka za ka yanka mini jinjiri? Mai hannun aka ɗauke."

Baba ya danna mini toka a ciwon har jinin ya tsaya. Ya goge askar, ya naɗe, ya ajiye a gabanta da hannu biyu, ya tafi tasha. Washegari wani wanzami daga Bolari ya yi askin suna. Kaka ba ta fito daga ɗaki ba, ba ta kuma sake yi mana tatsuniya ba.

Na daɗe ina ɗaukar labarin nan abin dariya. Sai da na girma na gane makoki take yi, irin wanda aka yarje mata. Ba ta da ikon kukan wanda ya tafi, sai ta sauke a kan wanda ya rage, mu kuma muka taya ta. Ban ce na yafe mata ba, ban ce ban yafe ba. Nawa laifin ya fi kusa da ni.

Baba ya rasu bara. Shekara da shekaru ina zuwa gaishe shi, ina zama kusa da hannun nan. Ban gaya masa ni ne na motsa ba.